Haɗa wa Likita Ɗaya Fannoni Uku: Lafiyar Yara, Taɓin Hankali da Ƙwaƙwalwar Yara, Bisa La'akari da Ƙasar Zoza

Gabatarwa



Abin da ya kawo mu gaban taron nan wata tambaya ce da ta daɗe tana damunmu, watau idan yaro ya kamu da ciwon da ya taɓa jikinsa ya kuma taɓa hankalinsa, wane likita ne nasa? Bisa tsarin da ake bi wajen horar da likitoci a ƙasar nan, amsar ita ce likita biyu, wani lokaci ma uku: likitan yara ya duba jiki, likitan ƙwaƙwalwa ya duba hankali, in kuma uwar yaron ita ma ta rikice, a nemo mata nata dabam. Wannan rabo ya yi daidai da yadda aka jera ɗakuna a asibitin koyarwa, amma bai yi daidai da yadda ciwo yake zuwar wa mutanen karkara ba. Za mu yi bayanin wani tsarin horo da aka ƙirƙiro a Amurka, wanda yake haɗa wa likita ɗaya fannoni uku a cikin shekara 5, sa'an nan mu auna shi da halin da muke ciki, mu ga abin da za mu ɗauka da abin da za mu bar musu.

Zoza muka zaɓa ta zama ma'auninmu. Ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Rogo, can yammacin Jihar Kano, inda ƙasar Kano ta yi iyaka da Jihar Kaduna da ta Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba Rogo mutum fiye da 220,000, ta ba maƙwabciyarta Ƙaraye fiye da 140,000. Yau adadin ya wuce haka nesa ba kusa ba, kuma kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, kusan rabin jama'ar yara ne waɗanda ba su kai shekara 15 ba. Ƙasar noma ce. Akwai ɗakunan shan magani a mazaɓu, akwai asibitocin gwamnati a manyan garuruwa, amma magidancin da yake neman likitan da ya ƙware a kan ƙwaƙwalwar yara sai ya bar gonarsa ya yi tattaki zuwa Kano ko Zariya, ya yi kuɗin mota nasa da na yaron da na uwar yaron. Mutum irin wannan sau ɗaya yake iya yin tafiyar, in ya yi ƙoƙari sau biyu. Duk abin da ba a gano a wannan zuwan ba, to da wuya a sāke samun damar gano shi.

Ciwon da ke kan iyaka

Mu ƙaddara ga wata yarinya 'yar shekara 9 daga wani ƙauye na Zoza. Tana shekara 4 zazzaɓin cizon sauro ya hau mata ka da damina, ta yi kwanaki ba ta san inda take ba, Allah ya tashi kafaɗunta. Bayan shekara guda sai ta fara faɗuwa tana jijjiga. Aka kai ta asibiti, aka ce farfaɗiya ce, aka ɗora ta a kan finobabiton, domin shi ne maganin da ya fi sauƙin kuɗi da sauƙin samu. Faɗuwa ta ragu. Amma sai ga yarinya ta zama ba ta iya zama wuri ɗaya, tana dūkan ƙannenta, karatun allo ya ƙi shiga, na boko ma haka, har malamai suka ce a riƙe ta a gida. Dangi suka ce iska ce. Uwar kuwa ta daina barci, ta daina shiga mutane, domin kishiyoyi da maƙwabta suna hana 'ya'yansu cin abinci kwano ɗaya da 'yarta, gudun kada a shafa musu farfaɗiya, alhali kuwa ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki.

To, likitan yara da zai ga wannan yarinya zai tambayi sau nawa take faɗuwa a wata, ya auna nauyinta, ya daidaita mata magani, kuma mai yiwuwa ya ƙara yawansa tun da ta ƙara girma. Likitan ƙwaƙwalwa na manya zai ga rashin natsuwa da faɗa, hannunsa ya tafi ga maganin kwantar da hankali irin wanda ya saba ba manya, wanda wani daga cikinsu yana iya tayar da farfaɗiyar da ta lafa. Kowannensu ya yi aiki da iliminsa, ba a ce ya yi kuskure ba. Abin da yarinyar take bukata shi ne wanda zai riƙe abu huɗu a kansa lokaci guda: cewa zazzaɓin da ya hau ka yana barin rauni a ƙwaƙwalwa, cewa shi kansa finobabiton an san shi da sa yara ƙiriniya da rashin natsuwa, cewa in za a sāke mata magani a koma balfurowet sai an tuna mace ce da za ta kai shekarun aure nan da 'yan shekaru, domin maganin yana yi wa ɗan tayi lahani, da kuma cewa uwar da za ta riƙa ba da maganin safe da yamma ita kanta tana fama da ciwon damuwa.

Ba ƙagen labari ne ya haɗa waɗannan abubuwa ba, bincike ya daɗe da tabbatar da su. Nazarin da Michael Rutter da abokan aikinsa suka yi a tsibirin Wight na Ingila, wanda aka buga a 1970, ya nuna cewa a cikin yara baki ɗaya kusan 7 cikin 100 ne suke da matsalar hankali ko ta ɗabi'a, amma a cikin masu farfaɗiya, ko da babu wani rauni da ake gani a ƙwaƙwalwarsu, adadin ya kai kusan 29 cikin 100. Binciken da aka yi a Yuganda da Kenya kuwa ya nuna cewa wajen ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tsira daga zazzaɓin da ya hau ka suna samun tawaya wajen fahimta ko riƙe karatu shekaru bayan sun warke. A nan akwai wani abu da ya kamata taron nan ya lura da shi. Tun da aka koma ga allurar atesunet a madadin kwinin bayan 2010, aka kuma fara raba wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi da damina, yaran da suke tsira sun ƙaru. Wannan alheri ne. Sai dai daga cikin waɗanda suka tsira ɗin akwai masu irin halin yarinyar nan tamu, kuma tsarin da ya cece su daga mutuwa bai tanadi mai bin sawunsu ba.

Haka abin yake ga sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma Kano tana cikin wuraren da abin ya fi muni. Da yawa daga yaran da suka tashi sun tashi da kurumta, ko farfaɗiya, ko sauyin hali. Yaron da ya kurumce bayan sanƙarau, in ba a gwada jinsa ba, sai a ce taurin kai ne ko dolanci. Haka kuma gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara a 2010, ta kashe yara fiye da 400. Waɗanda suka rayu, abin da aka sani game da dalma shi ne tana rage kaifin ƙwaƙwalwa ta kuma sāke ɗabi'a, ko bayan an wanke ta daga jini.

Ciwon sikila ya cancanci mu ɗan dakata a kansa, domin babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da shi a kowace shekara a ƙasar nan. Kowa ya san ciwon ƙashi da rashin jini. Abin da ba a cika sani ba shi ne ciwon yana toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa a ɓoye, ba tare da hannu ko ƙafa sun shanye ba, alamarsa kawai yaro ya fara komawa baya a aji. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna ana iya gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ta hanyar auna gudun jini a ka da na'ura, a kāre su da maganin haidurokziyuriya. Amma kafin a kai ga na'ura sai an sami wanda zai ji uba ya ce "karatunsa ya lalace" ya fahimci cewa maganar jini ake yi. Hatta fitsarin kwance, wanda a gidajenmu ake maganinsa da bulala da gori, yana iya zama alamar sikila, domin ƙodar mai sikila ba ta iya tace fitsari ya yi kauri. Yana iya zama ciwon sukari, ko ciwon mafitsara, ko tsargiya a garuruwan da ke kusa da ruwa kwance irin na madatsar Calawa. Yana kuma iya zama firgita ce kawai, ga yaron da aka raba da uwarsa bayan saki.

A juya maganar ta ɗaya gefen kuma. Tun 1972 Osuntokun da abokan aikinsa a Ibadan suka buga nazarin marasa lafiya 959 masu zazzaɓin taifot, inda suka nuna yadda ciwon yake zuwa da ruɗewa da sambatu, har a ɗauka taɓin hankali ne. Yaron da aka ba maganin amai irin metokulofuramid yana iya wayar gari wuyansa ya karkace, idonsa ya kafe sama, a ce sarƙe-haƙora ne ko aljanu, alhali allura guda tana warware shi. Yarinyar da ta yi ciwon maƙogwaro watanni biyu da suka wuce tana iya fara fizge-fizgen hannu da saurin kuka ba dalili, a ce shagwaɓa ce, alhali alama ce ta ciwon da yake cin zuciya, wanda yake bukatar allurar fenisilin shekara da shekaru. Malamanmu na Kano kuma za su tuna faɗuwar 'yan mata a makarantun sakandare a tsakiyar shekarun 1990, abin da jama'a suka danganta da Sumbuka. Wanda aka kira irin wannan wuri dole ya iya rarrabe wadda ta faɗi saboda firgita ta gama-gari da wadda take da farfaɗiya ta gaske da wadda sanƙarau ya fara kamawa, kuma ba zai sami awa biyu ya yi shawara da wani sashe ba.

Wani zai ce, to mun ji dalilin haɗa fannin yara da na ƙwaƙwalwar yara, me ya kawo taɓin hankalin manya a ciki? Dalili biyu ne. Na farko, yaro ba ya kawo kansa asibiti, kuma ba ya ba kansa magani. Binciken da aka yi a Pakistan da kudu maso yammacin Nijeriya ya nuna cewa jariran da uwayensu suke fama da ciwon damuwa bayan haihuwa sun fi saurin ramewa da tsumburewa. Saboda haka a ɗakin masu tamowa, wani lokaci uwar da ke zaune gefen gado ta yi tagumi ita ce mabuɗin warkewar ɗanta. Na biyu, manyan cututtukan hankali ba sa jiran mutum ya balaga kafin su fara. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya take aiki da shi shi ne rabinsu suna farawa kafin shekara 14. Wanda bai ga yadda ciwo yake ƙarewa ga ɗan shekara 40 ba, da wuya ya gane tsironsa ga ɗan shekara 13. Ga kuma shaye-shaye, wanda ya kai Gwamnatin Tarayya ga hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, kuma masu shan sun haɗa da waɗanda ba su fita daga hannun likitan yara ba.

Yadda Amurkawa suka tsara nasu

Asalin fannin ƙwaƙwalwar yara a cikin asibitin yara yake. A 1930 aka ba Leo Kanner ɗaki a sashen yara na asibitin Johns Hopkins, ya kafa wurin duba matsalolin hankalin yara, ya kuma rubuta littafin koyarwa a kan fannin a 1935. A Ingila ma Donald Winnicott likitan yara ne kafin ya shahara a nazarin halayyar uwa da jariri. Daga baya ne fannonin suka rabu, kowanne ya kafa hukumar jarrabawarsa, har ta kai likitan yara da likitan ƙwaƙwalwar yara suna duba yaro ɗaya ba su fahimtar maganar juna.

A 1986 hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa a fannin yara da takwararta ta fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suka fara gwajin wani horo da suka kira Triple Board, watau mai shaida uku. An fara shi a cibiyoyi 6, daga cikinsu akwai Jami'ar Brown da ta Kentucky da ta Utah da Tufts, kuma John Schowalter na Jami'ar Yale yana cikin waɗanda suka tsaya a kansa. Bayan shekaru ana bin diddigin sakamakon ɗaliban a jarrabawa, sai aka tabbatar da shi a 1995 ya zama hanya ta dindindin. Tsarinsa shi ne wata 60: wata 24 a fannin yara, wata 18 a taɓin hankalin manya, wata 18 a ƙwaƙwalwar yara da matasa. Wanda ya gama yana da ikon zama jarrabawar fannonin uku. In da ɗaya bayan ɗaya zai yi su, sai ya ci shekara 8 ko kusa da haka. An sami rangwamen ne ta hanyar zubar da maimaici, gama girman yaro da matakan wayonsa da cututtukan jijiyoyi duk ana koyar da su a kowane fanni dabam. Yawancin cibiyoyin kuma ba sa barin ɗalibi ya gama wannan kafin ya taɓa wancan. Suna cuɗanya watannin, suna kuma ba shi wani lokaci a kowane mako da zai riƙa duba yara iri ɗaya tsawon shekarun nan 5, domin kada hannunsa ya yi sanyi a ɗayan fannin. Daga baya aka buɗe wata ƙofa ta biyu, ta shekara 3, domin likitan da ya riga ya ƙware a fannin yara yake son ƙara sauran biyun.

Kada mu zuzuta abin fiye da kima. Ko a can cibiyoyin ba su wuce goma da 'yan kai ba, kowace kuma mutum ƙalilan take ɗauka a shekara. Binciken da aka yi a kan waɗanda suka gama ya nuna akasarinsu sun karkata ga aikin ƙwaƙwalwar yara, kaɗan ne suke ci gaba da riƙe fannonin daidai wa daida. Amma wuraren da suka fi zama su ne ainihin kan iyakar da muka bayyana: ɗakunan yara masu doguwar jinya, da koyarwa a jami'a, da ba likitocin yara shawara.

Mu auna da namu

A ƙasar nan, ɗalibi yakan yi shekara 6 a makarantar likita, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa, sa'an nan ya nemi gurbin horon ƙwarewa a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1979, ko Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1976. Sai ya ci jarrabawar share fage, da ta mataki na ɗaya, da ta mataki na biyu tare da kundin bincike. Fanni ɗaya kawai yakan ci shekara 5 zuwa 6, in ba a yi yajin aiki ba, ba a kuma faɗi jarrabawa ba. Duk wanda ya ce zai yi fannin yara ya gama, ya dawo ya fara na ƙwaƙwalwa daga tushe, zai doshi shekara 20 daga ranar da ya shiga jami'a. Ba mu ga mai iyali da zai yi wannan ba. Ga shi kuwa alƙaluman da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha bayarwa a shekarun 2020 ba su kai mutum 300 ba ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, waɗanda suka keɓanta ga yara kuwa 'yan ƙalilan ne a cikinsu.

Bukatar kuma ba ɓoyayya ba ce. Nazarin Hukumar Lafiya ta Duniya a Sudan da Indiya da Filifin da Kolombiya, wanda aka buga a 1981, ya sami tsakanin 12 da 29 cikin 100 na yaran da ake kawowa ƙananan asibitoci da matsalar hankali, ma'aikatan lafiya kuwa ba su gane ko da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara ba. Oye Gureje da Olayinka Omigbodun da abokansu sun sami kusan ɗaya cikin biyar a wani asibitin yara a Ibadan a 1994. Ita Farfesa Omigbodun ɗin ce ta jagoranci kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa a Jami'ar Ibadan, wadda ta fara digiri na biyu a fannin a 2013, tana ɗaukar likitocin yara da na ƙwaƙwalwa da nas-nas da ma'aikatan jin daɗin jama'a a aji ɗaya. Wannan shi ne abu mafi kusa da haɗaɗɗen horo da muke da shi, sai dai digiri ne na jami'a, bai zama shaidar ƙwarewar asibiti a fanni biyu ba.

Ra'ayinmu shi ne kwaso tsarin Amurka ɗungurungum ba zai amfane mu ba. Wata 24 a fannin yara ya yi kaɗan ga likitan da zai tsaya shi kaɗai a kan jariri mai shawara da yaro mai tamowa da mai ƙyanda, babu na gaba da shi da zai kira. Masu wannan suka suna da gaskiya, kuma taura biyu ba ta taunuwa in an cusa su baki lokaci guda. Akwai kuma abin da ba a son faɗi: likita mai shaida uku shi ne wanda ƙasashen waje za su fi saurin ɗaukewa. In aka kashe dukiyar jama'a aka horar da mutum 5, aka wayi gari 4 suna Ingila ko Saudiyya, Zoza ba ta ga komai ba.

Ƙofa ta biyun nan ita ta fi dacewa da mu. A ɗauki likitan da ya riga ya ƙware a fannin yara, wanda ya zauna da iyalinsa a Kano ko Zariya ko Sakkwato, a ba shi shekara 2 zuwa 3 a fannin ƙwaƙwalwa, manya da yara, a kuma amince masa da shaidar. Kayan aikin suna nan: a Kano ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga asibitin yara na Hasiya Bayero, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, a Jihar Kaduna ga asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, a Sakkwato ga na Kware. Abin da ya rage shi ne sassan biyu na kwalejojin su yarda da watannin juna, su kuma yanke wane sashe ne zai riƙe irin wannan likita a kan albashi da ƙarin girma, domin wanda ya zama na kowa a asibiti yakan ƙare ba na kowa ba ranar rabon muƙami.

Kuma kada a yi zaton irin wannan likita za a kai shi Zoza ya zauna. Ba za a taɓa samun isassu ba. Aikinsa shi ne ya zama malamin masu zama can. Tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi kansa likitan yara ne, yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko, bisa manufar 1991. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar mhGAP a 2010, wadda take koya wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba yadda zai gane farfaɗiya da damuwa da matsalolin girman yara ya kuma fara magani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ita ma ta nufi nan. Inda irin waɗannan shirye-shirye suke yin rauni shi ne rashin mai zagayowa. A yi wa jami'in lafiya bita ta mako guda, a sallame shi, ranar da ya ci karo da yarinyar nan tamu ba shi da wanda zai buga wa waya. In ya buga wa likitan yara a ce masa wannan ta masu ƙwaƙwalwa ce, in ya buga wa na ƙwaƙwalwa a ce a fara kai ta wajen likitan yara. Mai haɗaɗɗen horo shi ne wanda ba shi da inda zai tura tambayar.

Saboda haka muke ganin dole wani yanki na horon, ko da wata 3 ne, a yi shi a asibitin karkara irin na Rogo ko Ƙaraye, tare da fita zuwa ɗakunan shan magani na mazaɓu. Muna da abin koyi a gida. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara shirin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda marasa lafiya suke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ana yi musu magani da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A ƙasar Hausa kusan duk yaron da hankalinsa ya taɓu ya riga ya sha rubutu ko an yi masa ruƙiyya kafin ya ga farar riga, kuma zai koma bayan ya gan ta. Likitan da ya san malamin unguwa, ya roƙe shi ya ci gaba da addu'a amma ya hana a daina ƙwayar farfaɗiya, ya kuma turo duk yaron da ya zo da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya ba tare da jinkiri ba, ya fi wanda ya tsaya yana yi wa iyaye faɗa. Gidajen mari da aka bankaɗo a Kaduna da Katsina da Kano a 2019, da yara a cikinsu, sun nuna inda iyaye suke kai 'ya'yansu idan ba su sami wata ƙofa a buɗe ba.

Maganar harshe

Da yake wannan taro da Hausa ake yinsa, akwai wani aiki da ya rataya a wuyan malaman harshe da ke zaune a nan. Likitan ƙashi yana da hoto, likitan jini yana da gwaji, amma likitan ƙwaƙwalwar yara da magana yake bincike, kuma da Turanci aka koya masa tambayoyin. Uwa ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba; za ta ce zuciyarta ta yi baƙi, ko kanta yana yi mata nauyi, ko wani abu yana yi mata yawo a jiki. Kalmar "iska" tana iya ɗaukar farfaɗiya da ruɗewar zazzaɓi da taɓin hankali na gaske. "Galahanga" kuwa a 'yan shekarun nan an ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta, ana kiran yaron da jikinsa ya sanƙare tun haihuwa da ita, ana kiran wanda aka haifa da tawayar fahimta da ita, ana kuma kiran wanda jikinsa lafiya lau amma ba ya magana ba ya kallon ido da ita, alhali sababinsu da abin da za a yi wa kowannensu sun sha bamban. Kalmar "hauka" ma, da zarar likita ya furta ta a gaban uban yarinya, ya rufe ƙofar dawowa, domin uban yana tunanin wanda zai aure ta gobe. Akwai kuma kunya da alkunya: uwa ba ta sakin baki a kan ɗan farinta, sau da yawa kaka ce ko goggo take riƙe da labarin, kuma ba ita aka kawo asibiti ba.

Muna roƙon sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo su zauna da sassan yara da na ƙwaƙwalwa, a bi ɗakunan shan magani na mazaɓu irin Zoza da Fulatan da Zarewa, a rubuta yadda iyaye suke bayyana waɗannan alamu da bakinsu, da yadda Fulanin yankin suke faɗinsu, a jera kowace kalma da cututtukan da take iya nufi. Wannan ƙaramin littafi za a iya fara haɗa shi tun kafin kwalejoji su zauna a kan maganar watanni da shaida, kuma shi ne za a fara miƙa wa likitan ranar da ya sauka a Rogo.